Jinga, mataki-mataki ko miƙa makulli: wace takarda za ka sa wa hannu kafin a haƙa harsashi?

Shekarun baya, lokacin da na fara ɗora bulo a filina da ke bayan gari a Kano, mun yi jinga da wani magini a kan kalma biyu: "har linta". Muka tsayar da kuɗi, na ba shi kafin alƙalami, wani maƙwabcin fili ya tsaya mana shaida, muka yi musabaha. Bayan mako uku ya kira ni ya ce aiki ya kai. Na je na tarar bulo ya tsaya daidai saman tagogi, babu katako, babu rodi, babu kankare. Na ce, "Malam, ina lintar?" Ya ce, "Alhaji, ai har linta muka yi da kai, ba mu ce da linta ba. Ga shi na kawo ka bakinta." Wanda ya yi mana shaida ya ce wallahi shi dai "har linta" ya ji. Babu maƙaryaci a cikinmu mu uku. Na ƙara kuɗi aka zuba linta, na koma gida ina ta juya kalmar "har" a raina.

Daga ranar na daina ɗaukar takardar gini a matsayin kayan manyan kamfanoni da ma'aikatun gwamnati. Mai gina ɗaki biyu da falo ma yana buƙatarta, sai dai kowace hanyar ba da aiki da irin takardar da ke riƙe ta. Hanyoyin da ake bi a wajenmu uku ne: ka sayo kaya ka ba masu sana'a jingar aikin hannu, ko ka damƙa wa ɗan kwangila komai a kan kuɗi ɗaya ya miƙo maka makulli, ko ka yanka aikin gida-gida, kowane mataki da farashinsa da takardarsa.

Jinga: kaya naka, hannu nasa

Ita ce hanyar iyaye da kakanni, kuma har yau ita ta fi yawa. Kai za ka shiga Ƙofar Ruwa ka sayo rodi, ka yi magana da mai tifa ya sauke yashi da tsakuwa, ka buga bulo ko ka saya. Birkila, kafinta, mai ɗaurin rodi, mai wayarin, mai aikin famfo, kowa ka yi ciniki da shi a kan ladan hannunsa. A wajen malaman fiƙihu wannan ijara ce, hayar aikin mutum.

Daɗinta a fili yake. Ka san buhu nawa ya shiga harsashi domin kai ka ƙirga su. Ribar ɗan kwangila ta zauna a aljihunka. Kuma ta dace da yadda kuɗi ke zuwa wa yawancinmu: albashi ya shigo ka sayi siminti ashirin, an kwashi adashi ka kira birkila, aljihu ya bushe ka rufe bulo da leda ka jira.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne duk asarar da za a yi a filin nan taka ce. Simintin da aka kwaɓa ya yi yawa ya sandare kafin la'asar, naka ne. Buhun da ya yi ƙafa da daddare, naka ne. Ranar da leburori suka zo mai tifa bai zo ba, kai za ka sallame su. Mafi ciwo kuma, ranar da bango ya tsage ba ka da wanda za ka riƙe. Birkila zai ce bulon ne ba shi da siminti, mai bulo zai ce harsashin ne ya zauna, wanda ya zuba harsashi zai ce ai kai ka hana a ƙara tono. Kowa ya faɗi wani yanki na gaskiya, gyara kuwa kai za ka biya.

Yadda aka yanka ladan ma yana juya hannun mai aiki. In ka biya birkila a kan kowane bulo, zai yi gudu, sai ka riƙa bin sa da igiya da ma'auni kana duba miƙewar bango. In ka biya shi ladan yini, bangon da ya kamata ya tashi a kwana uku zai ci biyar. Ni na fi son jinga a kan yanki sananne, amma a rubuce.

Takardar jinga ba sai ta wuce shafi ɗaya ba, kuma da Hausa ma ta isa, boko ko ajami. A rubuta inda aiki ya fara da inda ya tsaya da kalmomin da ba su da fuska biyu: "jeri goma sha ɗaya na bulo inci tara, da kafa katakon linta, da zuba ta, da cire katakon". A rubuta kuɗi da ranakun biya. Sannan a zauna a kan ƙananan abubuwan nan da ke kashe zumunci: wa zai biya 'yan garuwa ko tankar ruwa, wa zai yi ban ruwan kankare safe da yamma bayan an zuba, wa ke da ƙusa da wayar ɗaurin rodi, hayar katako da injin kwaɓa a kan wa take, wa zai biya mai gadi, kuma ranar zuba dakin, wato kankaren rufin da ake ɗora bene a kansa, abincin leburori daga aljihun wa zai fito. Na taɓa ganin aiki ya tsaya mako guda a kan kuɗin ruwa kawai.

Miƙa makulli: kuɗi ɗaya, mutum ɗaya

Nan ɗan kwangila ne ke kawo kaya da ma'aikata, kai naka biya da karɓar gida. Malamai suna kiran irin wannan ciniki istisna'i, wato ka ba mai sana'a odar abin da zai ƙera da kayansa, kuma sun shar'anta a bayyana siffar abin da adadinsa ta yadda ba za a bar ƙofar jayayya ba. Wannan sharaɗin shi ne dai abin da injiniyoyi ke nema da tarin takardunsu.

Amfaninta babba guda ɗaya ne: akwai wuya guda da za ka rataya wa alhaki. Rufi ya yi yoyo, ba ruwanka da ko kafinta ne ko mai kwano, ɗan kwangila ka sani. Ga wanda ke aiki a Legas ko Fatakwal ko Jidda yana gini a gida, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai kuɗi ɗaya da aka tsayar yana tsayuwa ne muddin kasuwa ta tsaya. Kowa ya tuna abin da ya biyo bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira a watan da ya biyo. Buhun siminti da ake saye wajen naira 5,000 ya haura 10,000 a garuruwa da dama a Fabrairun 2024, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka ce a riƙa sayar da shi tsakanin 7,000 da 8,000. Ɗauki misalin gidan da ke cin buhu 600. Ɗan kwangila ya yi lissafi a kan 5,000, miliyan 3 ke nan. Ya zo saye ya tarar 9,000, ya zama miliyan 5.4. Giɓin miliyan 2.4 a siminti kaɗai, ba a zo kan rodi da kwanon rufi ba. Mutumin nan abu uku ne a gabansa: ya dawo ya roƙe ka ƙari, ko ya kashe waya ya bar maka kango, ko ya yi shiru ya cire kuɗinsa daga cikin ginin. Na ukun ya fi haɗari domin ba ya ganuwa. Kwaɓin da ya kamata ya zama ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa sai ya koma ɗaya, uku, shida. Inda aka ce rodi mai milimita 16 sai a sa mai 12. Filasta da fenti su rufe komai.

Don haka duk wanda ya ce maka "kawo miliyan kaza in miƙa maka makulli" alhali bai nemi ganin zane ba, ko dai bai san aikin ba ko ya san inda zai fanshe.

Takardun da ke cikin fayil ɗin

Kwangila ta gaskiya tarin takardu ce da ake karantawa tare, kuma wadda ake sa wa hannu a gaban shaidu ita ce mafi gajarta a cikinsu: sunayen ɓangarori, wurin fili, jimlar kuɗi, ranar farawa da ranar gamawa, da jerin sauran takardun da suka zama ɓangaren yarjejeniyar. Wannan jerin na ƙarshe kada ka raina shi. Zanen da ba a ambata a ciki ba, ba ka da hujjar cewa da shi aka yi ciniki.

Zane iri biyu ne, kuma mutane da yawa ɗaya kawai suke da shi. Na farko na mai zanen gini ne, wanda ke nuna ɗakuna da faɗinsu da tagogi da fuskar gida. Masu wannan sana'a hukumar ARCON ke yi musu rajista. Na biyu na injiniya ne mai rajistar COREN, wanda ke nuna zurfin harsashi, girman fila da bim (ginshiƙan kankare na tsaye da na kwance), kaurin dakin, da irin rodin da za a sa da tazarar da ke tsakaninsu. Na farko shi ke burge uwargida, na biyu shi ke riƙe bene. In ginin ƙasa ne a kan ƙasa mai tauri, wasu na wucewa da na farko da gogewar magini. In za ka ɗora ko hawa ɗaya ne, rashin na biyu ganganci ne da rayukan mutane, kuma babu abin da za ka auna ɗan kwangila da shi. Da waɗannan zane-zanen ne kuma ake neman izinin gini, a Kano wajen KNUPDA, a Kaduna wajen KASUPDA, a Abuja wajen sashen kula da tsarin gine-gine na birnin tarayya. A rubuta a yarjejeniya wanda zai nemo izinin da wanda zai biya kuɗinsa, domin jan fentin da hukuma ke shafawa a katangar ginin da ba shi da izini ba ya tambayar laifin wa ne.

Sai takardar da ni a ganina ta fi kowace amfani ga mai gida, kuma ita aka fi tsallakewa don gudun biyan wanda zai shirya ta: takardar ƙididdigar kaya da aiki, wadda ma'aikata ke kira BOQ. Ƙwararren mai ƙididdigar gini ne ke shirya ta, irin waɗanda hukumar QSRBN ke yi wa rajista. Yana ɗaukar zane ya farfasa gidan layi-layi: tono mita kaza, kankaren harsashi kaza, bangon bulo inci tara murabba'in mita kaza, rodi kilo kaza, kowane layi da farashin guda da jimlarsa. Ba wani sihiri a ciki. Bulo goma ke rufe murabba'in mita ɗaya, saboda haka bango mai tsawon mita 10 da tsayin mita 3 bulo 300 ne kafin a cire ƙofa da taga. Wanda ya iya lissafin kasuwa zai iya bin ta da biro.

Me take yi maka? Da farko tana sa cinikin 'yan kwangila ya zama a kan abu ɗaya. Ka ba mutum uku zane kawai, ɗaya ya ce miliyan 28, ɗaya 34, ɗaya 41, ba ka san ko na 28 ɗin ya cire katanga da sokawe ba ne. Ka ba su takardar ƙididdiga da gurbin farashi a buɗe, kowa ya cike, sai ka ga a wane layi suka rabu. Na biyu, ita ce ma'aunin biya: mai duba aiki ya zo ya auna abin da aka yi, a biya daidai shi. Na uku, ranar da ka ce a ƙara ɗaki, farashin murabba'in mita na bango yana nan a rubuce tun ana shiri, ba sai an yi sabon ciniki lokacin da wuyanka ke hannunsa ba.

Akwai layuka uku a cikinta da ya kamata ka tsaya a kansu. Akwai kuɗin share fage a shafin farko: ruwa, gadi, rumfar ajiyar kaya, katakon hawa. Halal ne, amma ka nemi a farfasa shi. Akwai kuɗin da ake ajiyewa a dunƙule don abin da ba a zaɓa ba tukuna, kamar tayil da kayan banɗaki da fitilu. Wannan kintace ne, in ka zaɓi mai tsada za ka cika, in ka zaɓi mai araha ragowar taka ce, kuma 'yan kwangila ba su cika tuna wa mutum rabin maganar na biyu ba. Sai kuɗin ko-ta-kwana a ƙarshe, wanda ba a taɓa shi sai da izininka a rubuce. Abin da ba a kashe ba a ciki ba ribar kowa ba ce.

Takarda ta gaba ita ce bayanin ingancin kaya da aiki. Zane zai ce "taga", ita za ta ce wace irin taga, kaurin ƙarfenta nawa. Nan ake rubuta kaurin kwanon rufi, irin wayar lantarki da girmanta, bulo nawa za a fitar daga buhu ɗaya in a filin za a buga, shafi nawa na fenti, kwana nawa za a yi ana ban ruwa, da kwana nawa dakin zai yi kafin a cire katakon da ke tallafe da shi. Kankare sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, kuma mai hayar katako kullum sauri yake a dawo masa da kayansa. Kalmomi irin su "mai kyau", "na zamani", "orijina" ba su da wurin zama a wannan takarda. Lamba ake so da sunan kaya.

To idan takardun suka saɓa wa juna fa? Zane ya ce rodi 16, ƙididdiga ta ce 12. Wannan yana faruwa fiye da yadda ake zato, domin mutane daban-daban suka shirya su a lokuta daban-daban. Manyan tsare-tsaren kwangila sun daɗe da magance shi. FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi ta duniya da aka kafa a 1913, wadda ake amfani da takardunta a manyan ayyukan hanya da madatsun ruwa, ta jera su daki-daki: yarjejeniya a sama, sai sharuɗɗa na musamman kafin na gama-gari, sai bayanin inganci, sai zane, sannan jadawalin ƙididdiga. Ba sai ka ɗauko kundinsu don gidan ɗaki huɗu ba. Layi ɗaya ya ishe ka: in an sami saɓani, a tsaya a tambayi injiniya, kuma a kan ƙarfin gini zanensa ne ke gaba. Tsarin da ƙwararrun Najeriya suka fi sabawa da shi a ginin gidaje da ofisoshi ya samo tushe ne daga na JCT, ƙungiyar da ke tsara takardun kwangilar gini a Ingila, kuma in aikinka ya kai girman plaza ko makaranta, gara a ɗauko irinsa a gyara da a ba wani ya ƙirƙiro sharuɗɗa daga kansa.

Mataki-mataki

Ita ce ta tsakiya, kuma ita nake ba yawancin masu tambayata shawara. A shirya zane da ƙididdigar gidan gaba ɗaya tun farko, amma a ba da aikin yanki-yanki: harsashi zuwa daɓen ƙasa, bulo zuwa linta, da lintar, dakin ko rufi, wayarin da famfo, filasta, tayil da fenti. Kowane yanki ɗan kwangila ya kawo kaya da aiki a kan farashin ranar, a sa hannu, ya gama, a duba, a biya, sannan a buɗe na gaba.

Farashin da zai yi mako shida yana iya tsayuwa ko kasuwa na rawa, na wata goma sha takwas kuwa ba zai tsaya ba. Kuma kowane mataki ƙofar fita ce: in hannunsa bai yi maka ba a harsashi, kun rabu lafiya ba tare da kotu ba. Shi ma ya san haka, don haka yana aikin yana neman na gaba.

Tana da nata aibin. Jimlar kuɗin takan ɗan fi ta kwangila ɗaya, domin kowane dawowa fili da kuɗinsa. In ka sauya hannu a tsakiya, matsalar jinga ta dawo: na biyu zai ce na farko ne ya karkatar da bango. Maganinta a duba kowane mataki a rubuta an karɓa kafin wani ya ɗora, a ɗauki hotunan rodi a ɗaure kafin a zuba kankare, da tef ɗin awo a jikinsa.

Harsashi kuwa, ko wace hanya ka bi, kada ka yanke masa kuɗi ɗaya. Babu wanda ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasa sai an tona. A Kano unguwanni nawa ne ke zaune a kan tsofaffin kududdufai da aka cike da shara? Filin fadama daban, ƙasar firgi ta yankin Borno mai kumbura da damina ta tsage da rani daban. A tsayar da farashin kowace mita ta tono da ta kankare, a auna abin da aka yi a biya. Ɗan kwangilar da aka ɗaure da kuɗi ɗaya a harsashi, in ya ci karo da ƙasa mai laushi, ba zai ƙara tono daga aljihunsa ba.

Sharuɗɗa huɗu da ba na sa hannu sai da su

Kafin alƙalami. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta gwamnatin tarayya ta 2007 ta fito ne tun farko, kafin a yi mata gyara, da iyakar kashi 15 cikin ɗari na kuɗin somin aiki, shi ma sai da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Gwamnati ke nan, mai 'yan sanda da kotu. Kai da ba ka da ko ɗaya, me zai sa ka miƙa kashi 60 a kan amana? In ya ce kuɗin sayen kaya ne kafin su tashi, magana ce mai ma'ana: ku je tare a saya, a sauke a filinka, rasit da sunanka, a rubuta cewa duk kayan da aka biya kuɗinsu mallakarka ne. Ƙa'idar da nake bi ita ce aikin da ke ƙasa ya riƙa ɗan fin kuɗin da ya fita.

Canji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a kwangila tsagar ita ce "Malam, ɗan matsar min da ƙofar nan". Mu masu gida mu ne kan gaba a wannan laifi. Uwargida ta zo ta ga kicin ya yi ƙanƙanta, aboki ya zo ya ce a ƙara baranda, kowa ya faɗa wa birkila da baki. Ƙarshen aiki ɗan kwangila ya fito da lissafin ƙari na miliyoyi, ba ka iya musantawa ba ka iya gaskatawa. A rubuta cewa mutum ɗaya ne ke da ikon ba da umarnin canji, kuma ba a fara shi sai an rubuta kuɗinsa da kwanakin da zai ƙara. Saƙon WhatsApp da aka amsa da "na amince" ya fi maganar baki nesa ba kusa ba.

Tashin farashi. A kwangilar da za ta wuce wata uku, a lissafa manyan kaya, siminti, rodi, kwano, katako, a rubuta farashinsu na ranar sa hannu da kasuwar da za a riƙa dubawa. In sun motsa, a daidaita a kan abin da ba a saya ba tukuna, sama ko ƙasa. Kayan da ka riga ka ba da kuɗinsu ya ƙi saye a kan lokaci, tashinsu a kansa yake.

Kuɗin riƙo. Al'adar sana'ar ita ce a riƙe kashi 5 cikin ɗari daga kowane biya, a saki rabi ranar karɓar gida, rabin kuma bayan wa'adin gyaran aibi, wanda galibi wata shida ne. A aikin miliyan 20, miliyan ɗaya ke nan. Amma ka duba kalanda. Gidan da aka miƙa maka a Nuwamba, wata shidansa zai cika a Mayu, rufin bai ga ruwan kirki ko sau ɗaya ba. Ruwan Agusta ne ke tona asirin kafinta da mai filasta da wanda ya haƙa sokawe. Ni nakan rubuta "wata shida ko ƙarshen Satumba, duk wanda ya zo daga baya". Ɗan kwangilar da ya yarda da hannunsa ba ya jayayya a kan wannan.

A ƙara da layi ɗaya na wanda za a kai wa magana in an saɓa, mutumin da ku biyu kuka yarda da shi kuma ya san gini, kafin a kai ga zauren sulhu na kotu irin wanda ke Kano. Mai unguwa zai iya sasanta zukata, amma ba zai iya gaya muku ko bim ɗin ya kai girman da aka zana ba.

Wa ya dace da wacce

In kana zaune a garin, kana iya leƙa fili kullum ko bayan kwana biyu, ginin na ƙasa ne, kuɗin kuma guntu-guntu suke zuwa, jinga ta fi maka. Ka dai biya a yi maka ƙididdigar kaya tun farko don ka san in an ce buhu 80 ya ƙare a inda 55 ya kamata ya isa.

In kuɗin gidan gaba ɗaya suna hannu, zane ya kammala kun gama gardama a kansa a cikin gida, aikin kuma zai ƙare cikin 'yan watanni, miƙa makulli za ta hutar da kai. Sharaɗinta cikakken fayil da mai duba aiki wanda kai kake biyansa. Injiniyan da ɗan kwangila ya kawo, komai kirkinsa, ya san wanda ke sallamarsa.

In kana nesa, ko bene ne, ko kuɗin za su zo a kan shekara biyu, mataki-mataki.

Akwai hanya ta huɗu da ban lissafa ba da gangan, ko da yake ita ce ta fi cinye kuɗin 'yan ci-rani: ka riƙa turo wa ƙani ko ɗan yaya kuɗi "ya kula da aikin", ba zane, ba ƙididdiga, ba ladan da aka yanka masa. Yaron ya bar harkarsa yana yini a rana, ba a ce ga nasa ba, sai ya riƙa yankar wa kansa daga kuɗin yashi, kai kuma kunya ta hana ka tambayar rasit. In dole sai ɗan'uwa, ka yanka masa albashi a fili, ka ba shi littafin shige da ficen kaya, ka damƙa masa kwafin ƙididdiga, sannan injiniya ya riƙa zuwa a ranakun da ba a fasawa: ranar da aka gama tono kafin a zuba komai, ranar da aka ɗaure rodin fila, da jajibirin zuba dakin.